Yadda ake tantance Marsandi C300 'yar Beljiyam kafin a biya kuɗi: nagarta, kiranyen kamfani da lissafin gyara

Marsandi C300 ƙirar 2008 zuwa 2014, wadda kamfanin yake kira W204, tana cikin ƙananan motocin alfarma da suka fi yawa a titunan Kano da Kaduna da Abuja, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: farashinta ya sauko har ya kusanci na motocin Japan sa'o'inta, alhali tauraron da ke goshinta bai rage kwarjini ba. Abin da bai sauko tare da farashin ba shi ne kuɗin kayan gyaranta da irin kulawar da take bukata. A ra'ayina motar tana da ƙwari, kuma tana cikin nagartattun da kamfanin ya ƙera a wancan zamani, amma mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara goma, saboda haka sunan da samfurin ya yi ba zai gaya maka komai game da wadda dillali ya ajiye a gabanka ba. Tarihin wannan mota guda ɗaya shi ne abin bincike.

Ko da yake mun saba kiran irin waɗannan motoci 'yan Beljiyam, yawancin C300 da ke shigowa Najeriya daga Amurka suke zuwa, wasu kuma daga Kanada, kuma wannan sa'a ce ga mai saye, domin motar da ta yi rayuwa a Amurka takan bar sawu a rubuce. Mabuɗin wannan sawu shi ne lambar VIN, wadda a nan aka fi sani da lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, inda aka rubuta wata da shekarar da aka ƙera motar. Ka kwafe ta da hannunka daga jikin motar, kada ka karɓa daga bakin mai sayarwa ko daga hoton da ya turo maka ta WhatsApp, sa'an nan ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke cikin takardun kwastan.

Harafi na goma a cikin lambar shi ne shekarar samfurin: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E kuma 2014. Wannan ɗan lissafi yana da muhimmanci saboda sauya wa mota fuska ya zama sana'a. Kamfanin ya sabunta ƙirar W204 daga samfurin 2012, ya canja fitilu da bamba da dashbod, su kuma masu gyaran bodi suka gano cewa ana iya ɗora sabuwar fuskar a kan tsohuwar mota. Na taɓa raka wani ƙanina duba wata baƙar C300 da aka ce ta 2013 ce, tana sheƙi kamar an fito da ita daga leda. Da na ƙirga haruffan sai na tarar da 9 a gurbi na goma. Dillalin ya dafa bonet ya ce, "Haba Alhaji, dubi fitilunta mana, ai ka san 2009 ba ta da wannan ido." Ban yi masa gardama ba, na buɗe ƙofa na nuna masa allon rediyon da ke fitowa daga ƙarƙashin murfi a saman dashbod, wanda tsohon samfurin ne kaɗai yake da shi, domin na sabon a kafe yake cikin dashbod ɗin. Ya yi murmushi ya rage farashi nan take, mu kuma muka yi masa sallama, don wanda ya ƙara wa mota shekara huɗu ba zai ji nauyin rage mata mil dubu hamsin ba. Akwai wata alamar kuma: daga samfurin 2012, duk C300 da aka sayar a Amurka mai jan ƙafa huɗu ce, wato 4MATIC, don haka idan aka nuna maka 'yar Amurka mai jan baya kaɗai aka ce ta 2013 ce, akwai lauje cikin naɗi.

Da lambar a hannunka, ka biya kuɗi kaɗan ka fitar da rahoton tarihin motar daga kamfanin Carfax ko AutoCheck, sa'an nan ka rubuta lambar ita kaɗai a Google. Motoci da yawa da ke zuwa nan an saye su ne a gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta ci, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan a intanet, har da na agogon mil. Hatsari shi kaɗai ba ya kashe ciniki. Motar da aka buga wa ƙofa ko bamba ta baya, aka gyara da kyau, tana iya fin wadda ba ta taɓa karo ba amma ba a canja mata baƙin mai a kan kari. Abin gudu shi ne bugun gaba da ya fasa jakunkunan iska, da kuma ambaliya. Ka tuna agogon 'yar Amurka da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka mil 120,000 ya haura kilomita 190,000. Ka lura kuma da jihar da motar ta zauna, domin a wurare irin su New York da Michigan da Ohio da Pennsylvania, da kuma Kanada, ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma za mu ga abin da gishiri yake yi wa wannan mota idan mun shiga ƙarƙashinta.

Batun kiranye shi ne wanda masu saye a nan suka fi yin watsi da shi, alhali shi ne ya shafi rai kai tsaye. Idan aka gano wani aibi mai hatsari a wani samfuri, dokar Amurka ta tilasta wa kamfani ya kira motocin ya gyara kyauta, kuma hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, NHTSA, tana da shafi inda za ka sa lambar VIN ya nuna maka kiranyen da ba a yi wa wannan motar ba tukuna. Ba a biyan ko sisi, kuma bai fi minti ɗaya ba.

Mafi girman kiranyen da ya shafi W204 shi ne na jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan, wanda ya haɗa da kimanin jakunkuna miliyan 67 na kamfanonin motoci daban-daban a Amurka, har ya kai Takata ga durƙushewa a 2017. Sinadarin da ke hura jakar, wato amoniyam naitiret, yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ya zamana ranar da aka yi karo ya tashi da ƙarfin da ya wuce ƙima, ya tarwatsa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓarɓashin ƙarfe ya nufi fuska da wuyan wanda aka yi jakar don a kare. Fiye da mutum 20 sun mutu ta wannan hanya a Amurka kaɗai, a cikin motocin kamfanoni daban-daban. Wanda ya san laimar Legas, inda motar kan fara sauka, ya kuma san yadda cikin mota yake komawa idan an ajiye ta a rana cikin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, zai fahimci cewa yanayinmu shi ne ainihin wanda ke gaggauta wannan lalacewa. Ƙari a kan haka, masu Marsandi da yawa a Amurka sun daɗe suna jiran kayan canji kafin su samu, don haka ba abin mamaki ba ne mota ta baro ƙasar ba a taɓa ta ba.

Idan shafin ya nuna wannan kiranye yana buɗe, ka kai lambar wurin wakilin kamfanin Marsandi mai izini kafin ka biya kuɗin motar, ka tambaye su ko za su yi aikin, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kuɗin, ka nemi amsar a rubuce. Abu biyu ne ba na ba da shawarar a yi. Na farko shi ne sayen jakar iska ta hannu a kasuwa, domin mai yiwuwa ne irin wadda kake gudu ce aka ciro daga wata motar. Na biyu shi ne cire wa jakar waya, abin da ita kanta NHTSA ta gargaɗi mutane a kai, saboda hatsarin tuƙi ba jaka ya fi na jakar yawa. Idan aka rasa hanyar canji, mafi sauƙi shi ne a nemi wata motar da lambarta ta fito ba ta da kiranye a buɗe, tun da C300 ba ta yi ƙaranci a kasuwa ba.

Akwai wasu kiranye biyu da suka shafi samfuran farko. A 2014 an kira kimanin motoci 253,000 ƙirar 2008 zuwa 2011 saboda mahaɗin wayar fitilun baya yana yin tsatsa, fitilun su dushe ko su mutu, wani lokaci ma wurin ya yi zafi har ya narke. Wannan kana iya duba shi da kanka: ka buɗe but, ka janye murfin da ke bayan fitilar, ka zare soket ɗin ka dubi inda waya mai ruwan ƙasa ta shiga. Idan robar wurin ta yi baƙi ko ta narke, aibin yana nan, kuma gyara ne mai sauƙi a hannun mai wayarin da ya san aikinsa. A 2015 kuma an kira fiye da motoci 100,000, yawancinsu C-Class ƙirar 2008 da 2009, saboda na'urar da ke sarrafa jakunkunan iska tana iya lalacewa daga ciki, jakar ta ƙi tashi lokacin bukata ko ta tashi ba dalili. Shi ya sa idan ka murɗa makulli dole ne ka ga fitilar jakar iska mai rubutun SRS ta kama a dashbod, ta ɗan jima, sa'an nan ta mutu da kanta. Wadda ta ƙi mutuwa tana gaya maka gaskiya, wadda ba ta kama ba sam ita ce abin tsoro, domin alama ce ta cewa wani ya rufe mata baki.

Ya kamata a rarrabe tsakanin kiranye da sanannun cututtukan samfuri, waɗanda kowane ƙwararren bakaniken Marsandi ya san su amma kai ne za ka biya. Wanda ya fi wulaƙanta masu W204 shi ne makullin sitiyari mai aiki da lantarki. Wani ƙaramin injin lantarki ne a cikinsa yake sakin sitiyari duk lokacin da aka sa makulli, kuma idan ya gaji sai motar ta mutu murus: makulli yana murɗuwa, fitilun waje suna kamawa, amma dashbod duhu, kik ba ya motsi. Na ga wannan ya faru da wani maƙwabcina a bakin famfon gidan mai, ya sha mai ya biya, mota ta ƙi ko tari, layi ya taru a bayansa ana ta oda, aka sauya batir har biyu a banza kafin a ɗauke ta. Gwajinsa a kunne yake. Idan ka sa makulli za ka ji ɗan gajeren sauti daga ƙarƙashin sitiyari, kuma ya kamata ya fito da kuzari tun a karon farko. Idan yana jan ƙafa, ko sai an zare makulli an mayar sau biyu ko uku, to kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma gyara shi yana buɗe ya fi araha nesa ba kusa ba a kan ranar da ya mutu a kulle, lokacin da sai an kwance sandar sitiyarin gaba ɗaya. Idan ba ka ji sautin komai ba amma mota ta tashi, mai yiwuwa an riga an sa mata na'urar da ke kwaikwayon makullin, wadda take kawar da matsalar amma sitiyarin ba zai ƙara kulluwa ba.

Wajen inji, wanda na fi natsuwa da shi a yanayinmu shi ne M272, mai silinda 6 da lita 3.0, wanda ke cikin C300 daga 2008 zuwa 2012. Ba shi da tobo, kuma ba ya cikin masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, saboda haka ya fi haƙuri da irin man da muke samu. Yana da nasa laifin. Akwai wata 'yar sandar roba a gaban bututun shigar iska da take karyewa da tsufa, mota ta rage ƙarfi, fitilar inji ta kama, kwamfuta ta nuna lambar matsala P2004 zuwa P2006, kuma ana iya sa ta ƙarfe a madadinta idan cikin bututun bai lalace ba. Yakan kuma yi yoyon baƙin mai ta mazaunin filta da wasu marufan roba a bayan inji, waɗanda ba su da tsada. Babbar cutar ita ce ta haƙorin sandar da ke daidaita girgizar inji, wanda a injunan farko aka yi shi da ƙarfe mai taushi, yana cinyewa har taimin ya goce, kuma gyaransa sai an sauke inji. An magance wannan a injunan da alƙaluma shida na ƙarshen lambarsu suka wuce 468993, don haka 'yan 2008 na farko-farko ne kawai abin lura. Idan kwamfuta ta nuna P0016 ko P0017 a irin wannan mota, kada ka saurari wanda zai ce maka sansa ce kawai.

C250 ta 2012 zuwa 2014 mai silinda 4 da tobo ta fi tsimin mai, amma sarƙar taimin ɗinta da giyoyin da ke kanta sun yi ƙaurin suna, kuma alamarsu ita ce ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙoƙi idan aka tayar da inji da sanyi. C300 ta 2013 da 2014 tana da sabon inji M276 mai lita 3.5, mai ƙarfi da daɗin tuƙi, sai dai famfon mansa da nozul ɗinsa sun fi tsada kuma ba sa son gurɓataccen mai. Game da 4MATIC, an yi ta ne domin masu fama da ƙanƙara, mu kuwa abin da take ƙara mana shi ne nauyi da shan mai da kayan lalacewa, musamman da yake na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya a cikin akwatin giya take, ciwonta ciwon giya ne. Idan ka samu mai jan baya mai lafiya, ita ce ta fi dacewa da aljihu. Haka kuma samfurin Luxury, mai tauraro a tsaye a kan bonet, ya fi Sport mai babban tauraro a tsakiyar hanci ɗan tsayi da taushi, abin da za ka gode masa duk lokacin da ka hau tudun rage gudu na cikin unguwa.

Ranar duba mota, ka ce da mai ita kada a tayar da ita kafin ka iso, kuma idan ka zo ka taɓa injin da bayan hannunka ka tabbatar da sanyi yake, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi da rawar inji duk sukan ɓuya idan ya yi zafi. Ka zo da bakanikenka, wanda ba shi da rabo a la'ada, kuma wanda yake da kwamfutar da ke karanta dukkan na'urorin Marsandi, irin Xentry, ba ƙaramar da ke ganin inji kaɗai ba. Ka ce masa ya duba ko an goge lambobin matsala kwanan nan: idan an goge, gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta za su nuna ba su kammala ba, kuma wannan shi kansa amsa ce.

Bayan haka sai a hau da ita rami, kuma idan mai sayarwa ya ƙi, ciniki ya ƙare a nan. Ka riƙe tocila ka dubi gadon ƙarfen da ƙafafun baya suke ɗaure a jikinsa. A W204 wannan gado yana ruɓewa daga ciki, musamman a motocin jihohin gishiri, har wurin da hannun taya yake kamawa ya ɓalle, mota ta riƙa karkata idan an taka birki. Abin ya yi yawa har kamfanin ya tsawaita garantin wannan ƙarfe zuwa shekara 20 a Amurka, amma garanti ne da ake cin moriyarsa a wurin dilolin can. Ka sa bakanike ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma ya kuma tsokane shi da sukundireba, kuma ka yi zargin duk baƙin fenti sabo da ka gani a wurin. Ka bi bututun birki da ido don tsatsa, ka dubi ɗigon mai, ka girgiza boljoyin da bushi, ka kuma tabbatar tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi tana nan ba a yanke ta an yi walda ba, domin abu ne mai kuɗi da yakan ɓace tsakanin tashar jirgin ruwa da wurin sayarwa. Alamar ambaliya kuwa a ciki ake nemanta: ka ɗaga kafet, ka dubi ramin safaya taya da layin dogon kujeru, ka ja bel har ƙarshensa ka ga ko akwai tabon laka. Motar da ruwa ya shiga akwatunan fis ɗinta ba ta daina ba da mamaki, yau gilashi, gobe fitila, jibi ƙwaƙwalwa.

Gwajin tuƙi kada ya gaza rabin awa, cikin cunkoso da kuma buɗaɗɗen titi, domin giyar 7G-Tronic takan nuna halinta ne bayan ta yi zafi. Sanannen ciwonta shi ne farantin lantarkin da ke cikinta, mai ɗauke da sansar gudu da ƙwaƙwalwar giya. Idan ya fara lalacewa, mota takan maƙale a giya ɗaya, ta ƙi canjawa sai an kashe an sake tayarwa, kuma kwamfuta ta nuna lambobi irin su P0717 da P0718 ko P2767. Farantin a ɗaure yake da motarsa, ba a ciro na wata a ɗora haka kawai sai an yi masa saiti da kwamfuta, shi ya sa gyaran yake da tsada kuma yake bukatar gwani. Kana tafe kana kallon allurar zafi, wadda ya kamata ta hau zuwa wajen 90 ta zauna. Idan ta ƙi hawa, ko fanka tana ruri tun daga tayarwa, mai yiwuwa an cire tamostat ko an yi wa fankar haɗin kai tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi, alhali tana ƙara shan mai kuma tana ɓoye ainihin ciwon. Idan ka tsaya da giya a D ka ji sitiyari da kujera suna rawa, robobin da inji yake zaune a kai ne suka kwanta, kuma wannan kusan kowace mai wannan shekaru tana bukatarsu.

Lissafin kuɗin gyara ba ya yiwuwa da alƙaluman da wani ya rubuta bara, domin kusan kowane ƙarfe na motar nan da dala ake shigo da shi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba. Hanyar da ta fi ita ce ka yi wa kanka ƙididdiga a makon da za ka saya. Ka rubuta abubuwan nan a takarda: injin-sit biyu, wato robobin da inji yake zaune a kai, da na giya, hannuwan ƙafar gaba, shokazoba, faifai da takalman birki, kwayil da fulogi shida, famfon ruwa da tamostat, kwamfuresar esi, farantin giya, da kuma cikakkiyar giya ta Beljiyam. Ka shiga Ƙofar Ruwa idan a Kano kake, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka kuma sa a tambayo maka Ladipo a Legas, ka ji farashin sabo da na hannu a shago uku, sa'an nan ka tambayi kuɗin irin waɗannan kaya na Corolla ko Camry don ka ga tazarar da idonka. Wajen sababbi, kayan kamfanonin da suke yi wa Marsandi aiki, irin su Lemförder da Bosch da Mann da Pierburg, sukan fi waɗanda ke cikin kwalin tauraro sauƙi kuma ingancinsu ɗaya ne, matuƙar ba jabu aka ba ka ba, kuma jabun sun yi yawa ƙwarai. Hannun ƙafa mai arha da za a canja sau uku a shekara, da kuɗin aiki da na saitin taya kowane karo, ya fi na ainihi tsada.

Kuɗin yau da kullum ma ya kamata a sa shi a sikeli. M272 yana shan baƙin mai lita 7 zuwa 8, kusan ninki biyu na Corolla, kuma dole ne ya zama mai ɗauke da shaidar MB 229.5 a jikin galan, irin 0W-40 ko 5W-40, ba mai kaurin da ake aunawa a bakin titi ba. Littafin motar, daga samfurin 2009, ya ba da tazarar mil 10,000 ko shekara guda, amma da ƙurar hunturu da tsayuwar cunkoso ni ba na bari ya wuce rabin haka da yawa. Man giya iri biyu ne, ja mai lamba 236.14 na samfuran farko da shuɗi mai lamba 236.15 na waɗanda suka biyo baya daga wajen tsakiyar 2010, ba a gauraya su, kuma giyar ba ta da sandar awo: ta ƙasa ake ɗura man, a daidaita shi yana kan zafin digiri 45. Bakaniken da ya fara neman inda zai zuba man giya ta sama, ka karɓi makullinka cikin ladabi. Fetur kuwa, ƙiyasin hukuma a Amurka ya kai kusan lita 13 a kowace kilomita 100 cikin gari, da ƙasa da lita 10 a kan babbar hanya, kuma da esi a kunne cikin cunkoson Kano abin da za ka gani zai fi haka.

Duk abin da binciken nan ya tono, ka mayar da shi naira ka cire daga farashi a gaban mai sayarwa, da takardarka a hannu, domin dillali ya fi jin magana idan ya ga lissafi. Ni shawarata ita ce kada ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen, ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar don watannin farko, kuma idan hakan ya gagara to lokacin C300 bai yi ba tukuna. Ka kai takardun kwastan ofishinsu a tabbatar maka an biya duti a kan wannan lambar shasi kafin kuɗi ya bar hannunka. Makon farko na canje-canje ne ko da an rantse maka an yi: baƙin mai da filta, man giya da filtarsa, man birki, ruwan lagireto na ainihi maimakon ruwan famfo, da filtar iska, kana rubuta kwanan wata da mil a ɗan littafin da zai zauna cikin motar. Yawancin waɗannan motoci da makulli ɗaya suke isowa, kuma makullin Marsandi ba a yanka shi a bakin kasuwa, sai an haɗa shi da ƙwaƙwalwar motar. Yin na biyu alhali na farko yana aiki ya fi sauƙi da araha ƙwarai a kan ranar da ya faɗa kwata ko ya ɓace a wurin ɗaurin aure, don haka ka sa shi cikin aikin wannan makon, ka ajiye ɗayan a gida.